Babi na Shida: Neman Kafiretar Fijo 504

Shekara tara motar ta yi ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu, tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, launin ruwan madara, haɗin Kaduna ta 1977. Ranar da aka zauna rabon gado ban nemi komai da zafi ba sai ita. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko amaryar yayanmu, kuma har yau idan na buɗe ƙofarta ina jin ƙanshin turaren da Baba yake ajiyewa a aljihun gaba. Na yi niyyar in tashe ta yadda take a da, ba don ta zama abin kallo ba, sai don in riƙa shiga.

Tayoyi, batir, birki da lagireto duk ba su ba ni wahala ba, kuɗi ne kawai. Abin da ya ci mini wata bakwai shi ne wani ƙarfe da bai fi kwakwa biyu girma ba, wanda ke zaune a gefen inji ƙarƙashin matatar iska: kafireta.

Da muka ɗaga bonet muka cire matatar iskar, sai muka tarar kafiretar da ke kai ba tata ba ce. Wata 'yar ƙarama ce ta motar Japan, an ɗora ta kan farantin ƙarfe da wani mai walda ya yanka, aka huda, aka ɗaure da kusoshi. Duk wanda ya riƙe mota a shekarun 1990 ya san wannan aiki. Lokacin ana kwana a layin gidan mai, galan yana tsada a hannun 'yan bumburutu, sai kanikawa suka ɓullo da dabarar cire babbar kafireta a sa ƙarama don mota ta rage sha. Ban ga laifin Baba ba. Yana da iyali, yana da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Amma ta asalin ta tafi, babu wanda ya san inda aka jefa ta, kuma a nan nemana ya fara.

Kafin in shiga kasuwa na ɗauka abin mai sauƙi ne. Wace mota ce ta kai 504 yawa a ƙasar nan? An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, kuma a 1975, shekarar da ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan daga Lyon zuwa Kano, sannan a ɗauke su zuwa Kaduna. A zamaninta ita ce motar gwamna da ta babban sakatare, ita ce ta ɗan sanda, ita ce tasi mai layin kujeru uku da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maiduguri. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya da Najeriya kuma suka wuce da ita har bayan shekarar 2000. To motar da ta yi wannan yaɗuwa, yaya za a ce kafiretarta ta gagara?

Ai yaɗuwar ce ta kawo wahalar. Motar da aka yi shekara talatin da ɗoriya ana ƙerawa a nahiyoyi da dama ba kafireta ɗaya ta yi amfani da ita ba. Akwai inji mai cin cc 1796, wanda aka fi sani da kafireta mai maƙogwaro ɗaya, Solex 34 BICSA. Akwai mai cc 1971, wanda kamfanin ke kira XN1, kuma shi kaɗai ya ga kafireta iri-iri masu maƙogwaro biyu: Solex 32/35 SEIEA, da Zenith 35/40 INAT, daga baya kuma Solex 32/35 TMIMA. Waɗanda aka kai Amurka an sa musu wani tsari dabam saboda dokar hayaƙi. Akwai ma 504 da ba ta da kafireta sam, tana amfani da famfon feshi na Kugelfischer. Idan mutum ya tsaya gaban shago ya ce a ba shi kafiretar Fijo 504, bai faɗi komai ba tukuna, kamar wanda ya ce a ba shi takalmin namiji bai faɗi lambar ƙafa ba.

Dole sai da na zauna na fahimci aikin ƙarfen nan kafin in gane dalilin da ya sa kama da juna ba ta wadatarwa. Inji ba fetur zalla yake ci ba, iska ce mafi yawan abincinsa. Idan ana son mai ya ƙone tas, kowane awo ɗaya na fetur yana buƙatar awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Kafireta ce mai wannan awon, kuma ba ta da kwamfuta, ba ta da waya ko ɗaya da ke gaya mata abin da za ta yi. Fistin idan ya sauka yana zuƙo iska ta cikin maƙogwaronta. A tsakiyar maƙogwaron akwai wani ƙunci, inda iska ke ƙara gudu, ƙarfin matsinta ya ragu, sai ta janyo fetur ta wani ɗan rami kamar yadda ake zuƙar kunu da tsinken roba. Ƙuncin nan sunan wani masanin Italiya aka sa masa, Giovanni Battista Venturi, wanda ya bayyana al'amarin a 1797. Ramukan da mai ke bi kuwa suna jikin wasu 'yan kusoshin tagulla da kanikawa ke kira jet, kowane da lamba a kansa. A tsarin Solex da Weber lambar faɗin ramin ce: jet mai lamba 120 raminsa milimita 1.20 ne. Tsakanin 120 da 125 ido ba ya ganin bambanci, amma inji yana ji, aljihu ma yana ji.

Kuma ba jet ɗaya ba ne. Akwai na silo, wanda ke riƙe inji yana aiki a tsaye. Akwai babban jet na tafiya. Akwai na iska, da ke gauraya kumfa cikin man kafin ya fita. Akwai ɗan famfo da ke watsa mai nan take idan an taka totur, don kada mota ta yi shaƙuwa. Akwai fulot da ke yawo a kan man cikin ɗan kwano, yana rufe ƙofa idan ya cika. Injiniyoyin Peugeot sun zauna sun gwada waɗannan duka a kan inji guda, da nauyin mota guda, da giya guda, har suka tsayar da lambobi. Gangar jikin kafireta kwano ne kawai. Lambobin nan su ne miyar.

Lambar da ke cikin sunan ma tana da ma'ana. 35/40 na nufin maƙogwaro na farko faɗinsa milimita 35 ne, na biyu 40. A tafiyar gari na farkon kaɗai ke aiki, sai an buƙaci ƙarfi, a hawan tudu ko wuce tirela, na biyun ke buɗewa. Wannan ya sa na daina yarda da maganar da ake yawan yi cewa kafireta mai baki biyu ita ce mai shan mai. Idan lafiyarta lau, kuma ƙafar direba tana da hankali, rabin ta a rufe yake yawancin yini.

Na fara da Ƙofar Ruwa a Kano, na je Panteka a Kaduna, na aika saƙo Ladipo a Legas, wani abokina da ke harka a Kumasi ya zaga mini Suame Magazine. Wuraren nan taskoki ne na gaske, kuma a cikinsu akwai mutanen da za su kalli kusa ɗaya su gaya maka motar da ta fito. Sai dai kayan 504 sun ja baya. Turai ta rabu da kafireta tun farkon shekarun 1990, lokacin da dokar hayaƙi ta tilasta wa masu ƙera motoci komawa feshin mai na lantarki, don haka kwantenonin da ke zuwa daga Beljiyam yanzu ba su cika ɗauko ta ba. Abin da ya rage shi ne na cikin gida, wanda ya sha rana da ƙura da hannun kanikawa goma.

Sabbi kuwa suna nan fal, a kwali, suna walƙiya. Yawancinsu kwaikwayo ne, babu sunan maƙeri a jiki, an rubuta a kwalin cewa suna shiga 404 da 504 da 505. Wannan rubutun kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata, domin injin 404 mai cc 1618 ne, kuma jet ɗin da ya ƙosar da shi ba zai ƙosar da mai cc 1971 ba. Ba na cewa duka banza ne. Mai motar haya da ke neman abin da zai kai shi kasuwar ƙauye gobe yana iya sa ɗaya, bakanike ya daidaita masa, ya ci abinci da ita. Ni dai ba ita nake nema ba.

A wata na uku na yi kuskuren da ya koya mini abin da ya fi komai. Littafin gyaran motar da na samu ya nuna injinmu XN1 ne, kuma sawun kusoshi huɗu da ke ƙarƙashin farantin mai walda ya dace da Zenith 35/40 INAT. Sai ga wani mai shago ya kira ni ya ce ya samo. Na je na gani da idona, ga sunan Zenith, ga 35/40 INAT a jiki, tsaf da ita. Na biya ba ciniki mai tsawo. Muka ɗora, kusoshi suka shiga, aka ɗan lanƙwasa sandar totur don ta kai, mota ta tashi. Amma silo ya ƙi zama. In ta yi sanyi ta mutu, in ta yi zafi ta yi ta rawa, in na taka sai ta yi jim kafin ta amsa. Mako biyu ana juya sukurori, abu ya ƙi.

Wani direban tasha ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a Kaduna, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo tun ana harhaɗa ta, yanzu yana zaune a ƙarƙashin dalbejiya yaransa na aiki yana kallo. Na kai masa kafiretar a cikin buhu. Bai tambaye ni kuɗin da na saya ba. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya duba hannun totur da bututun da aka toshe da kusa.

"Ɗana, wa ya ce maka wannan ta Fijo ce?"

"Baba, ga sunan nan a jiki. Irin wadda littafi ya faɗa ce."

"Sunan gidansu ka karanta, ba sunanta ba. Wannan daga Marsandi ta fito, kuma su biyu ne a can, an raba ta da 'yar'uwarta."

Gaskiyarsa. Zenith INAT a Jamus ake yin ta, a masana'antar Pierburg, kuma ba Peugeot kaɗai aka yi wa ba. Mercedes-Benz mai silinda shida ta wancan zamani tana ɗauke da guda biyu, haka ma BMW 2500 da 2800, Opel ma ta yi amfani da ita. A injin silinda shida kowace ɗaya silinda uku take ciyarwa. Tawa kuwa ana so ta ciyar da huɗu ita kaɗai, masu cin kusan lita biyu. Gangar jiki ɗaya, amma jet dabam, hannun totur dabam, bututun iska dabam. Dattijon ya nuna mini inda ya kamata in duba tun farko: wani ɗan guntun alminiyam da ake maƙalawa a ɗaya daga sukurorin murfi, mai ɗauke da lambar da ke faɗin motar da aka tsara wa kafiretar. A tawa babu shi. Ba lallai mugunta ce ta cire shi ba, yawanci yaron bakanike ne ke kwancewa ya yar don bai san amfaninsa ba. Tun daga ranar, duk wanda ya turo mini hoton kafireta, abin da nake fara roƙo shi ne hoton wannan guntun, sannan hoton ƙasanta, sannan a kwance jet a karanta mini lamba.

Ko lambar jet ma, in ji shi, ba a rantsuwa a kanta. Idan jet ya toshe, mai gaggawa yakan zura masa allura ko waya, tagulla kuma taushi gare ta, sai rami ya faɗaɗa lamba tana nan yadda take. Shi da iska yake busawa, ko ya jiƙa a mai wankewa ya kwana.

Sai ya yi mini wata tambaya da ta sa gabana ya faɗi: na tabbata injin da ke cikin motar shi ne wanda ta fito da shi daga Kakuri? A ƙasar nan Fijo nawa ce ta kai shekara arba'in ba a sauke mata inji ba? Takarda tana iya cewa cc 1971, alhali wani ya ɗora mai 1796 tun zamanin soja. Ya tura yaronsa da ni har Kano, ya goge jikin bulok da burushin waya, ya karanta alamar da aka buga. Muka yi sa'a, na asali ne. Da ba shi ba ne, da duk neman da na yi a kan littafi ya tashi a banza, domin kafireta inji take bi, ba takardar mota ba.

Yaron bai tsaya nan ba. Ya duba fulogi, ya duba tazarar foyin, ya daidaita lokacin wuta, ya auna matsin kowace silinda, ya duba famfon mai. Maigidansa ya hore shi da cewa ba a taɓa kafireta sai an gama da wuta, saboda rabin cutar da ake ɗora mata ba tata ba ce. Ya kuma cire wani famfon lantarki irin na motocin feshi da aka ƙara a baya. Famfon asali na 504 inji ne ke tura shi, kuma a hankali yake kawo mai. Na motocin feshi yana turowa da ƙarfin da ya ninka wannan sau da yawa, allurar fulot ba ta iya tare shi, sai kwano ya cika ya tumbatsa.

Wadda ta dace ba a wuri ɗaya na same ta ba. Guda biyu na haɗa. Ta farko daga wata 504 da ta mutu a wani gareji a Zariya, da guntun lambarta a jiki, jet ɗinta duka ba a taɓa ba, amma sandar da ke juya faifan totur ta cinye mazauninta har tana girgiza a hannu. Wannan ita ce cutar tsufa ta kowace kafireta. Ta wannan giɓi iska ke satar hanya ta shiga ba tare da an auna ta ba, kuma babu juyin sukuru da zai gyara silo muddin tana shiga. Gwajinta ba wuya: inji na aiki a tsaye, a fesa ɗan mai wanke kafireta a bakin sandar, idan ƙarar inji ta canza to akwai ɓaraka. Ta biyun daga Jos aka kawo mini, murfinta ya fashe amma gindinta lafiya. Dattijon ya ɗauki gindin wannan, ya ɗora saman waccan. Da ya ga fuskar murfin ta ɗan bauɗe, abin da INAT ta yi suna da shi idan an matse sukurori fiye da kima, sai ya shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashin taga, ya yi ta gogawa a hankali yana zagayawa, har hasken rana ya daina ratsawa tsakanin fuskokin biyu. Gaskit da robobi da allurar fulot kuwa sabbi na yi oda daga Jamus, inda masu tsoffin Marsandi suka sa har yanzu ana yin su. Robar da ta shekara arba'in ba a yi mata kara, musamman wadda ke buɗe maƙogwaro na biyu, domin in ta tsage mota za ta yi ta tafiya da rabin numfashi mai ita bai sani ba.

Akwai wata hanya da mutane da yawa ke bi, kuma ban raina ta ba. Suna sa Weber 32/36, wadda ake samu sabuwa, kayan gyaranta ko'ina, jet ɗinta kuma kowace lamba ana sayarwa. Kafireta ce mai kyau. Amma tana buƙatar faranti na haɗi, da gyaran sandar totur, da sauya matatar iska, sannan wani wanda ya san aiki ya zauna ya nemo mata lambobin da suka dace da injin, wato ya sake aikin da injiniyoyi suka riga suka gama tun 1970. Wanda ya rasa ta asali, wannan ce mafita mai mutunci, ta fi farantin mai walda nesa ba kusa ba. Ni dai ina son in ɗaga bonet in ga abin da Baba ya gani ranar da ya karɓi makulli.

Batun shan mai, wanda shi ya jawo aka cire ta tun farko, ya dawo da ƙarfinsa tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma 'yan'uwana sun tambaye ni ko ban ji tsoro ba. Abin da ƙaramar kafireta ke yi shi ne ta shaƙe inji. Direba yana jin mota ba ƙarfi sai ya ƙara taka totur, ya daɗe a ƙaramar giya, ribar da ake zato ta zube a hanya. In kuma man ya yi ƙaranci cikin iska, wuta takan yi zafi fiye da kima, bawul ya ƙone, lagireto ya yi ta tafasa a rana tsaka. In ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fito a salansa, fetur ya wanke man inji daga bangon silinda, zobba su cinye. Har tsayin ƙasa yana da hannu a ciki. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, shi ya sa motar da aka daidaita a bakin teku takan ɗan yi maiƙo idan ta hau tsauni.

Ranar da aka ɗora ta, dattijon da kansa ya zo Kano, abin da yaransa suka ce ya daɗe bai yi wa kowa ba. Ya bar inji ya yi zafi sosai, ya sa kunne kusa da murfin bawul, yana juya sukurun silo kaɗan-kaɗan, kwata-kwatan zagaye, yana jira tsakanin kowane juyi. Rawar da sitiyari ke yi ta ragu, ta ragu, har ta ɗauke. Ya ɗora kofin shayinsa a kan matatar iska, shayin bai motsa ba.

"Shiga mu je," ya ce.

Muka kama hanyar Zariya bayan la'asar. Da muka wuce Kura ya ce in taka. Na taka, na ji wani gurnani mai kauri ya taso daga ƙarƙashin bonet lokacin da maƙogwaro na biyu ya buɗe, ƙarar da rabona da ita tun ina zaune a kujerar baya ƙafata ba ta kai ƙasa ba. A Kwanar Dangora ya sa na kashe inji na gangara gefen titi. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya kwance fulogi na farko da na huɗu, ya ɗaga su sama yana dubawa a hasken yamma. Bakinsu ba baƙi ba ne, ba fari fat ba, launin shayi da madara ne. Ya mayar da su, ya ɗaure, ya miƙo mini wata 'yar leda. A ciki akwai jet ɗin da suka rage daga kafiretar Jos, da takarda da ya rubuta lambar kowane ɗaya da inda yake zama.

"Ka sa a aljihun gaba," ya ce. "Guntun lambar nan kuma na ɗaure shi da kyau. Duk wanda zai wanke maka ita, ka tsaya a kansa har ya mayar."